Finjali na Biyu

Mu biyar ne a cikin wannan al'amari. Akwai Baba, mahaifina, mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Akwai Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koyi ciniki a hannunsa. Akwai Goggo, yayarsu su biyun, wadda tun rasuwar iyayensu ta zama ita ce babba a dangi. Akwai Umma, mahaifiyata. Sai ni, a shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo gidanmu na Fagge ina jiran kiran aiki.

Shagon da kakana ya bari guda ɗaya ne, mai faɗi, mai ƙofa biyu. Baba da Baffa suka gaje shi, suka yi shekaru suna ciniki a kan teburi ɗaya. Baffa ne mai tafiye-tafiye, shi ke fita waje ya zaɓo kaya, Baba kuma ya zauna a shago. Wata shekara Baffa ya kawo atamfa mai yawa, aka tarar tana zuba tun a wankin farko, masu sari suka yi ta dawo da ita. A gaban yaran shago da maƙwabta Baba ya ɗaga turmin atamfa ɗaya ya ce, "Ka ga irin kayanka. Duk abin da ka kawo sai ya zo da ciwon kai." Ba a daɗe ba aka kira kafinta ya raba shagon da katako, daga ƙasa har rufi. Kafintan ya bar wata 'yar taga a tsakiya, ban san ko wa ya sa shi ba, ta nan yaran shagunan biyu ke miƙa wa juna almakashi da butar alwala. Su kuwa masu shagon, gaisuwarsu ta tsaya a masallaci da wurin jana'iza, ba ta wuce tambayar iyali.

Mutanenmu daga Barno suka zo Kano. Kakana ya yi aikin hajji ta ƙasa, ya daɗe a Sudan a kan hanya, daga can ya dawo da shan gahawa da wata ƙa'ida da ta zama ta gidanmu. Idan mutum ya zo da magana mai nauyi, ba a fara ta da baki. Bayan gaisuwa sai a zuba masa gahawa a finjali, ya sha a cikin shiru. Idan ya zo da niyyar a daidaita, sai ya miƙo finjalin yana riƙe da shi a hannunsa, ba ya ajiyewa. Idan mai gida ya amince, sai a cika masa na biyu, a lokacin ne harshe ke sakuwa. Idan aka bar hannunsa a miƙe ba a zuba ba, to an ba shi amsa. Kakata, wadda 'ya'yanta ke kira Inna, ita ke soya ƙwayar gahawar a kasko ranar da baƙon zai zo, ta daka ta da citta da kanumfari, ta dafa a wata tukunyar ƙarfe mai dogon wuya. Na taso ina gane ranar babbar magana ta ƙamshin da ke fitowa daga madafi.

Bayan rabuwar shagon da 'yan shekaru, direban Baffa ya zo da wani kwali ya ajiye a zaure, babu saƙo, babu takarda. Injin gahawa ne, irin mai yin wadda ake kira esfireso, tare da ɗan injin niƙa nata. Baba ya sa aka ɗora kwalin a kan kabad, ya zauna a nan har rubutun jikinsa ya koɗe. Goggo kuwa ba ta huta ba. Ta yi ta kai-kawo tsakanin gidajen ƙannenta har ta samu Baffa ya yarda zai zo ranar wata Juma'a, da zarar an sauko daga masallaci, a yi maganar cire katakon nan.

Da yammacin ranar da ta kawo labarin, Baba ya kira ni falo. Bai dube ni ba, kwalin yake kallo.

"Sauko da shi," ya ce. "Kai ne ka yi karatu. Ka karanta abin da ke ciki, ka nemo gahawar da ta dace da shi. Da shi za a yi masa."

"Baba, ba da tukunyar Kaka ba?"

"Da abin da ya aiko za a yi. In ya gan shi a kan teburi yana aiki, ya san na karɓa. Ba na son ya kurɓa ya yamutsa fuska. Ka ji ni?"

Na ce na ji.

Na zauna da takardar injin da abin da na samu a waya har na fahimci yadda yake aiki. Tukunyar Kaka tana da haƙuri, ruwa da garin gahawa sukan daɗe tare a kan wuta, citta ta rufe duk wani aibi. Injin nan ba shi da wannan haƙurin. Ana danne garin a cikin wani ɗan ludayi na ƙarfe mai rariya a gindi, a ɗaura shi, sai injin ya turo tafasasshen ruwa da ƙarfi ya ratsa shi cikin ƙanƙanen lokaci. Duk abin da ke cikin ƙwayar, daɗi ko aibi, haka zai fito ninki. Saboda haka rabin aikin tun a kasuwa ake yin sa.

Na fara da wani babban kanti a Titin Ibrahim Taiwo. Gahawa iri-iri a jere cikin jakunkuna masu ƙyalli, yawancinsu an riga an niƙa. Na juya su ɗaya bayan ɗaya. Kowace tana ɗauke da ranar da za ta lalace, babu wadda ta faɗi ranar da aka soya ta, alhali wannan nake nema. Na matsa wata a hankali na kai hanci kan 'yar ƙofar iskar da ke jikinta, sai na ji warin tsohon kabad. Mai jiran kantin ya ce daga ƙasar Turawa take. Na yi masa godiya na fita.

A Kasuwar Sabon Gari na bi layin masu kayan yaji. Zafin bazara ya yi tsanani, rumfunan kwano sun ɗauki wuta. Wani dattijo ya buɗe mini buhu, ƙwayar baƙa ƙirin tana sheƙi kamar an shafe ta da man gyaɗa.

"Ga mai ƙarfi, samari. Kofi ɗaya, kai da barci sai jibi."

Na ɗauki ƙwaya ɗaya na murza a kan takarda, ta bar tabon maiƙo. Na tauna, gawayi ne zalla.

"Malam, ba ka da wadda ba ta yi baƙi haka ba?"

Ya ƙwace takardar daga hannuna ya duba tabon, ya yi dariya. "Au, kai ma na masu inji ne? Ku ne ba ku shan gahawa sai kun yi mata tambayoyi. Ka fita ta bayan kasuwa, ka bi layin da ke bayan cocin nan, akwai wata Madam mai soyawa. Ita ke iyawa da ku."

Shagonta ƙarami ne, ƙamshi ya nuna mini shi kafin in ga ƙofar. Mace ce mai matsakaicin shekaru, 'yar wajen Zariya, Hausarta tsaf. A bayan shagon akwai wata 'yar gangar ƙarfe da ake juyawa a kan wutar gas, a nan take suya. Ta ce ƙwayar daga Mambila ake kawo mata, kaɗan-kaɗan take soyawa, tana rubuta ranar a murfin kowace kwalba. Da na ga rubutun nan sai na ji numfashina ya sauka.

Ta jera mini kwalabe uku. Ta farko mai haske ce, launin kirfa. Ta biyu ta fi duhu, kamar busasshen dabino, jikinta a bushe babu sheƙi. Ta uku ta kusa baƙi, maiƙo ya fara tsatstsafowa. Na zuba kaɗan daga kowace a tafin hannu, ina duba ko girman ƙwayar ya daidaita, ko akwai fasassu, ko waɗanda ƙwaro ya huda. Na shinshina, na tauna, na sake shinshinawa.

"Malam," ta ce, "gahawa za ka saya, ko aure za ka nema mata? Wannan bincike har dangin uwarta?"

"Baƙo za mu yi, Madam. Ba na son kuskure."

"Wane irin baƙo? Yaro irinka ko babba?"

"Baffana ne."

Ta dube ni sosai, ta daina dariya. Ta niƙa kaɗan daga mai hasken ta haɗa mini a nata injin. Ɗanɗanon ya ba ni mamaki, akwai ɗan tsami a ciki mai daɗi, kamar na lemon zaƙi da bai gama nuna ba. Ni dai ta yi mini. Amma na tuna bakin da ya tashi da gahawar Kaka, na san idan Baffa ya ji tsami zai ɗauka lalatacciya aka ba shi. Mai baƙin ta fi kusa da abin da ya sani, sai dai maiƙonta zai manne a haƙoran injin niƙa, ɗacinta kuma zai fito ninki. Na nuna ta tsakiya.

"Haka nan," ta ce. "Babba ba ya shan tsami. Ka ba shi abin da bakinsa ya sani, amma kada ya kai gawayi. Bari in haɗa maka da 'yar kaɗan daga wannan mai zagayayyar ƙwaya, ita ke ba da kumfa. Yaushe ne baƙon?"

"Juma'a."

Na miƙa hannu ga wata kwalba da aka soya a safiyar ranar, har da ɗuminta. Ta janye ta.

"Ba wannan ba. Sabuwar suya cike take da iska. In ka sa ta a inji yau, kumfa za ta yi ta yi kamar sabulu, ɗanɗanon ya fito da kaifi. Sai ta kwana biyu ta huce. Ɗauki wannan ta makon jiya, kafin Juma'a ta kai daidai."

Na tsaya da kwalbar a hannu. A gidanmu darajar gahawa ita ce a soya ta a ranar, saboda baƙon. Ga shi injin yana son wadda ta kwana. Amma na ce a raina ai injin ne zai yi aikin, ƙa'idarsa za a bi.

"Kada ka sa ta a firiji," ta ce tana ɗaure ledar. "Kada rana ta gan ta. Kada ka niƙa sai za a sha. Allah ya sa Baffa ya nemi ƙari."

Ba ta san nauyin abin da ta faɗa ba. Na amsa da amin.

Sauran kwanakin na yi su a gaban injin. Na ajiye shi a kan teburi a kusurwar falo, inda duk wanda ya shigo zai gani. Da farko na yi niƙa mai kaushi, ruwan ya wuce shar kamar an buɗe famfo, ba launi ba ɗanɗano. Na matse injin niƙan, sai ya koma ɗiga da ƙyar. Na yi ta sassautawa ina matsewa, ina jin zafin kowace ƙwaya da ta tafi a gwaji, har wata safiya gahawar ta sauko siririya ba yankewa, kamar zuma daga cokali, da kumfa ja-ja a samanta. Na tare ta a wata 'yar butar ƙarfe, domin a gidanmu baƙo ba ya sakin finjalinsa, zuba masa ake yi yana riƙe. Na kai wa Baba. Ya kurɓa, ya rufe ido.

"Babu citta."

"Injin ba ya karɓar citta, Baba. Ramukan rariyarsa ƙanana ne."

Ya sake kurɓa. "A bar ta haka. Yadda yake sha a can ke nan." Ya miƙo mini finjalin, sai kuma ya lura da abin da hannunsa ya yi, ya yi saurin ajiye shi.

Na rufe sauran gahawar a cikin kwalba, na kai ta kabad ɗin madafi inda babu rana, na roƙi Umma kada kowa ya taɓa. Ta ce babu mai taɓawa.

Ranar Juma'a Goggo ta iso da hantsi, da ƙullin kaya a hannu. Ta tsaya a gaban injin ta kewaye shi da ido.

"Wannan ne zai yi wa ƙanena gahawa? Abin da ba shi da hanci?"

"Yana yi, Goggo. Baba ya ɗanɗana."

"Ubanka ko ruwan zafi ka ba shi yau zai ce ya yi daɗi. Dubi yadda yake zaune kamar mai jiran alƙali."

Ta shige ciki. Ni da Baba muka tafi masallaci. A hanya sai gyara hula yake ta yi.

Da muka dawo, tun daga bakin lungunmu na ji shi. Ƙamshin suyar gahawa ne, da citta, da kanumfari, ƙamshin da rabon gidan da shi tun rasuwar Kaka. Baba ya ja numfashi, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ni kuwa na wuce shi na nufi madafi da sauri.

Goggo tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ga kasko a gefe yana hayaƙi, ga turmi, ga rariyar tankaɗe. A kan faranti akwai tulin gari baƙi wuluk, mai laushi kamar kwalli. Kwalbata tana ƙasa, babu ko ƙwaya. Umma tana tsaye a jikin bango, ta dube ni sau ɗaya ta kawar da kai. Babu yadda za ta hana yayar mijinta aiki a madafin da uwarsu ta yi girki.

"Zo ka gani, ɗan boko," Goggo ta ce. "Wanda ya sayar maka ya cuce ka. Ɗanya-ɗanya na same ta, ko baƙi ba ta yi ba. Na ƙarasa maka suyar."

"Goggo, duka?"

"Duka mana. Ragowa zan bari?"

"Goggo, injin ba ya ɗaukar gari mai laushi haka. Ga maiƙo, ga citta. Toshewa zai yi."

Ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Saurara. Ƙanena zai tako gidan ubansa bayan shekaru, ya shigo bai ji ƙamshin komai ba? Ta ina zai san an yi maraba da shi? A gidan nan ba a taɓa ba baƙo gahawar da wani ya soya makon jiya ba. Ba a kaina za a fara ba."

Abin da ta faɗa gaskiya ne. Na ɗibi garin na murza tsakanin yatsu, ya manne kamar laka. Komawa Sabon Gari ba zai yiwu ba, domin a daidai lokacin na ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida. Na samu Baba a bakin falo, na rage murya.

"Baba, a bar Goggo ta dafa a tukunyar Kaka. Garin nan na tukunya ne."

Ya dubi injin a kan teburi, an goge shi yana walƙiya. "Zai gan shi a nan. In na ba shi ta tukunya, na mayar masa da kyautarsa ke nan. Ka yi yadda za ka yi."

Baffa ya yi sallama. Farar shadda ce a jikinsa, sabuwa, da aiki a wuya. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ɗaga kai yana shaƙar iska, fuskarsa ta yi wani laushi da na manta yana da shi.

"Ƙamshin Inna," ya ce a hankali.

Suka gaisa, ya rusuna wa yayansa. Da ya zauna idonsa ya kai kan injin, ya daɗe a can, sannan ya sunkuyar da kai. Daga nan shiru ya fara.

Na zuba garin a ludayin, na rage yawansa, na danne shi sama-sama don ruwa ya samu hanya. Na ɗaura, na murɗa maɓallin. Injin ya yi gurnani, ƙarar ta fi wadda na saba ji nauyi. Allurar da ke nuna ƙarfin ruwa ta haura inda take tsayawa kullum. Na jira. Ɗigo ɗaya ya fito, baƙi, mai kauri kamar kwalta, wani ya biyo shi. Babu kumfa. Na bar shi yana ɗiga fiye da yadda ya kamata, ina jin idon mutum biyu a bayana, har abin da ya taru ya isa rabin finjali biyu. Na zuba wa Baffa, na zuba wa Baba.

Baba ya fara kurɓa. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa, ya haɗiye da ƙyar, ya dube ni. Na san abin da ke bakinsa, ɗaci ne mai ƙona maƙogwaro, da zafin citta a kansa. Baffa ya ɗaga nasa. Ya kurɓa, bai yamutsa fuska ba. Ya sake kurɓa. Ya shanye shi har ƙasa, ya lashi leɓe. Sannan ya miƙo hannu, finjalin yana tsakanin yatsunsa, ya tsayar da shi a iska tsakaninsa da yayansa.

Carbin da ke hannun Baba ya tsaya. Ya ɗaga mini kai.

Na kwance ludayin. Garin ya daskare a ciki, sai da na sa cokali na ƙwaƙule shi. Na ɗaga rariyar ga hasken taga, ban ga rami ko ɗaya a buɗe ba, maiƙo da zaren citta sun cike su. Na wanke da ruwan zafi, na goge da gefen rigata, na hura da baki. Hannun Baffa yana nan a miƙe. Na sake zuba gari, kaɗan ƙwarai, ban ma danne ba. Na ɗaura, na murɗa.

Gurnanin ya koma nishi. Allurar ta haura har ƙarshe ta tsaya tana rawa. Babu ɗigo. Fankar sama tana juyawa, gumi yana bin bayana. Na kashe, na sake kunnawa. Ta gefen ido ina ganin hannun rigar Baffa, yadin ya fara karkarwa kaɗan saboda gajiya, amma bai sauke ba. Baba yana kallon bakin butar kamar zai jawo ruwan da ido. A bayan labule na ji motsin Goggo da ƙarar murfin tukunya.

Sai robar da ke riƙe ludayin ta fashe. Baƙin ruwa mai zafi ya feso ta gefe da ƙara, ya wanke teburin, ya sauka a gaban farar shaddar Baffa daga ƙirji zuwa gwiwa. Na ja da baya, gwiwar hannuna ta ture finjalin Baba, ya faɗi ya tarwatse a kan siminti.

"Baffa, yi haƙuri," na ce. "Injin ne ya toshe, garin ne ya yi..."

Ban ƙarasa ba Baba ya yi dariya. Na san wannan dariyar, ita yake yi idan kunya ta kama shi a gaban mutane bai san inda zai sa kansa ba. Ya nuna injin da carbinsa, yana neman abin da zai sassauta zaman.

"Ka ga irin kayanka," ya ce.

Har yau na yi imani wasa ya nufa. Amma kalmomin su ne dai na ranar atamfa, a bakin da ya faɗe su. Na ga shi kansa ya ji su bayan sun fita, dariyar ta mutu a fuskarsa.

Baffa ya dubi tabon da ke rigarsa. Ya sauke hannunsa a hankali, ya kife finjalin a kan faranti.

"Na gani, Yaya."

Labulen ya buɗe, Goggo ta fito da tukunyar Kaka tana tururi, ɗankwalinta ya zame. "Ni ce! Ni na sake soya ta, yaron ya faɗa mini! Ga ta nan na dafa, juyo finjalin, don Allah juyo shi!"

Baffa ya miƙe. "Ƙamshin ya yi, Hajiya. Allah ya jiƙan Inna."

"Kai kuma ka yi magana mana!" ta ce wa Baba. "Ka zauna kamar dutse!"

Baba ya buɗe baki. Na jira, Goggo ta jira, ina jin Baffa ma ya ɗan dakata wajen sa takalmi. Amma babu abin da ya fito. Shi babba ne, kuma an kife finjali a gabansa, a falonsa.

Na bi Baffa har mota. Ya buɗe ƙofa, ya tsaya yana kallon lungun da ya yi wasa a cikinsa yana yaro.

"Wa ya zaɓo gahawar?" ya tambaya.

"Ni ne, Baffa. A Sabon Gari. Ba haka take ba da."

"Na sani." Ya shiga ya zauna. "Ka gaida mutan gidan."

Da na koma, Goggo tana durƙushe tana tsince fasassun finjalin tana kuka ba sauti, tukunyar tana hucewa a kan teburi ba wanda ya taɓa ta. Umma ta zo da tsumma. Baba ya ce in mayar da injin cikin kwalinsa. Na ce roba ce kawai ta fashe, za a iya nema. Ya ce in mayar.

Kafin damina ta sauka aka cire katakon da ke tsakanin shagunan. Ina wurin ranar, na je kai wa Baba abinci. Magina suka jera bulo a inda yake, suka kai shi har rufi, suka shafe da siminti ta fuska biyu.

Abin da aka rasa: gahawa kwalba ɗaya, robar inji ɗaya, finjali ɗaya daga cikin na Kaka, farar shadda ɗaya, da 'yar taga ɗaya.